Mu takwas ne: tanti ɗaya babba zan saya ko biyu matsakaita?

Baban Khalifa, Samaru

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema daga waɗanda suka taɓa kwana a tanti da iyali.

Za a aurar da ƙanwata ƙarshen Disamba a garinmu, can bayan Soba. Ɗakuna biyu na gidan gadonmu damina ta kayar, ragowar kuma an riga an raba wa baƙin Kano da na Jos. Muna da gidan gona a bakin gari, da katanga da ƙofar ƙarfe, da rijiya da banɗaki, sai dai ɗaki ɗaya ne tak a ciki, shi ma cike yake da buhunan masara da waken soya. Shi ne na ce me zai hana in sayi tanti mu kafa a cikin katangar har a watse biki. In abin ya yi daɗi, wani hutun mu tafi da shi wajen Tiga ko Yankari, don yara sun daɗe suna damuna da maganar.

Mu takwas ne. Ni, maman yara, Hajiya mahaifiyata wadda gwiwa ke damunta, ba ta iya durƙusawa ta shiga wuri da rarrafe, sai 'yata babba mai shekara 14, Khalifa 11, ƙaninsa 8, ƙanwarsu 5, da na goye. Motata Sienna ce. In kowa ya zauna, kujerun baya a tsaye suke, abin da ya rage na but ba shi da yawa, ga akwatuna, ga kuloli, ga kayan garar amarya da na san za a jibga mini ba tare da an tambaye ni ba. Akwai kariyar ɗora kaya a saman motar.

Na zaga Sabon Gari na ga iri biyu. Ɗaya sabo ne a kwali, an rubuta na mutum 8, tsawo ƙafa 14 faɗi ƙafa 10, bangonsa a miƙe yake, sandunan a manne suke da yadin, mai shagon ya rantse minti biyu an kafa shi. Ɗayan na gwanjo ne, dogo, mai ɗakin kwana biyu da falo a tsakiya, an rubuta na mutum 6, sandunansa baƙaƙe ne masu lanƙwasa. A intanet kuma na ga wani zagayayye na zane mai kauri, sanda ɗaya a tsakiya, faɗinsa mita 5. Wannan shi ya fi kwanta mini a rai, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin abin da na ware.

Ni dai hankalina ya fi karkata ga na kwalin, tunda mu takwas ne kuma takwas aka rubuta. Maman yara ta ce ba ta yarda ba, ba ta kuma faɗi dalili ba. Wa ke da gaskiya?

Injiniya na Kwangila

Wa alaikumus salam. Malam, uwargida ce ke da gaskiya, bari in faɗi dalilin da ba ta faɗa maka ba.

Lambar da ake rubutawa a jikin kwali lissafin mutane ne a kwance kafaɗa da kafaɗa, kowa a cikin buhun barcinsa, faɗin kowane mutum kamar ƙafa 2, wani kai nan wani kai can, ba jaka, ba katifa, ba hanyar wucewa. Kai kuwa da katifa za ka je. Ɗauki biro: katifarku kai da uwargida da na goye, in 'yar 6 da 4 da rabi ce, ta ci ƙafa 4 da rabi daga cikin 14 ɗin. Ta Hajiya ƙafa 3. Ta 'yarka ƙafa 3. Ƙafa 10 da rabi ke nan sun tafi, saura 3 da rabi ga yara uku. A ƙafafunku za a bar ƙafa 4, nan ne akwatuna, nan ne hanya, nan ne wurin salla. Kuma ko bangon da kake gani a miƙe yana da ɗan kwanciya, ba ka iya manna katifa da shi. Ƙa'idar masu wannan harka ita ce ka rage mutum biyu daga abin da aka rubuta, mu masu katifa da akwati kuwa ka raba shi biyu kawai.

Abu na biyu iska. Bango miƙaƙƙe daɗin zama gare shi, Hajiya za ta shiga a tsaye, amma shi iska ta fi kamawa. Da hunturu abin da sauƙi tunda cikin katanga za ka kafa. Amma ranar da ka kai shi bakin dam a watan Mayu, guguwar farkon damina ta taso, waɗannan gaɓoɓin roba da suke sa shi kafuwa a minti biyu su ne farkon karyewa, kuma da wuya ka sami na canji a Zariya. Baƙaƙen sandunan na gwanjon su ma suna tsagewa, tsagewarsu na shiga hannu, amma su ana iya ɗaure su da ɗan guntun bututu da tef a ƙarasa tafiya.

Turakun da ke zuwa a cikin jaka kuwa ka ba yara su yi wasa da su. Don ƙasar Turai mai laushi da ciyawa aka yi su. Ƙasarmu a Disamba ta bushe ta yi tauri, in ka yi rashin sa'a ka faɗa kan marmara, bugu biyu sun lanƙwashe. Ka je wajen mai walda ya yanka maka rodi mai kaurin milimita 10, tsawon ƙafa ɗaya-ɗaya, ya fiƙe baki ya lanƙwasa kan. Ka sa guduma ta gaske a mota. A karkace ake kafa turke, kansa yana kallon nesa da tantin, ba a miƙe ba.

Shawarata: biyu matsakaita, a kafa su suna fuskantar juna, a ja tamfol a tsakani ya zama rumfa. Jaka biyu ƙanana ma sun fi sauƙin cusawa a Sienna a kan doguwar jaka ɗaya. Ka duba littafin motarka ka ga nauyin da kariya ke ɗauka, galibi bai wuce kilo 70 da 'yan kai ba, kuma nauyi a sama yana sa mota tangaɗi a kwana.

Umman Siddiƙa, Tudun Wada

Baban Khalifa, sannu da ƙoƙari, Allah ya sanya alheri a auren. Injiniya ya yi maka lissafin ƙafa, ni bari in yi maka na mata.

Ko da tantin nan zai ɗauki mutum ashirin, ta yaya matarka za ta kwana ɗaki ɗaya da surukarta da mijinta? Ina za ta canja kaya, ina za ta shayar da yaro cikin dare a sake? Ba za ta buɗi baki ta gaya maka wannan ba, kunya ba za ta bar ta ba, balle a ce maganar ta shafi Hajiya. Ga budurwa 'yar 14 ga Khalifa mai 11, kai ma ka san hadisin raba wa yara shimfiɗa in sun kai goma. Labulen da suke ratayawa a tsakiyar manyan tantunan nan yadi ne shara-shara, bai kai ƙasa ba, tari ma ana ji. Ni a ganina Hajiya da jikokinta mata tanti ɗaya, ku da na goye ɗaya, samarin nan biyu su kwana a falon naku ko ka saya musu ɗan ƙarami, za su fi kowa murna.

Akwai abin da ba wanda zai gaya maka a shago. In aka kunna fitila a cikin tanti mai yadi marar kauri da daddare, wanda ke waje yana ganin inuwar na ciki tsaf, har motsin hannu. A gidan biki kuma mutane ba sa daina shige da fice. Ka shiga cikin tantin a shagon, ka sa wani ya tsaya a waje, ka haska tocilar wayarka, in da hali a wuri mai duhu. Akwai masu baƙin shafi daga ciki, masu yin tanti irin su Coleman da Quechua duk suna yin irinsu, su ba sa nuna inuwa, kuma yara ba sa farkawa da fitowar rana. In ba ka samu ba, a zagaye ciki da zannuwa.

Sai sanyi. Kai mutumin Samaru ne, ba sai an gaya maka yadda asubar Disamba take ba, balle a fili bakin gari. Sanyin daga ƙasa yake shigowa fiye da sama. A fara shimfiɗa tamfol, sai tabarma, sai darduma ko kafet, sannan katifa. Ta Hajiya ka samo mata gadon ninkewa, don mai ciwon gwiwa kwanciya a ƙasa ba ita ce wahalar ba, tashin ne.

Kuma don girman Allah kada kowa ya shiga da kaskon gawayi cikin tanti. Na san tsofaffinmu, Hajiya za ta ce a kawo mata ta ji ɗumi. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take ɗauke shi, yara ne kuma farko. Haka janareto, a kai shi can ƙarshen katanga, hayaƙinsa na kallon waje. Maganin sauro na kunnawa da kyandir su ma a waje, yadin nan narkewa yake yana ɗiga in ya kama. Duk wanda ya yi aikin Hajji ya ga yadda ake hana girki a tantunan Mina. Tun gobarar 1997 da ta ci sama da mutum 300 aka canja su zuwa waɗanda wuta ba ta ci. Naka na kasuwa ba irinsu ba ne. Madafa ta yi nesa, a bayan iska.

Tsohon Ɗan Sikawut, Kano

Zage-zagi an waye, har da kwana a tanti. To bari Bakano ya sa baki.

Ni ban goyi bayan Injiniya gaba ɗaya ba. Raba tanti biyu daidai ne, amma yadin da za a saya shi ne maganar. Duk waɗannan na kwali da na gwanjo yadin roba ne. Da ƙarfe goma na safe, ko da hunturu, cikinsu ya zama tanda, ba mai iya zama har sai la'asar. Da dare kuma numfashin mutane yana taruwa a rufin ya zama raɓa, da asuba ka taɓa bango ka ji shi sharkaf, ka rantse ruwa aka yi. Rana tana cin yadin roba, in ka bar shi a kafe wata da watanni sai ya koɗe ya fara yagewa da ɗan ja kaɗan. Zanen auduga mai kauri yana numfashi, ya fi sanyi da rana, ya fi riƙe ɗumi da dare, ba ya nuna inuwa sosai, in ya yage kowane mai ɗinkin tamfol zai yi maka faci. Zagayayyen nan mai mita 5 da ka gani filin cikinsa ya kusa murabba'in mita 20, na kwalinka mai 14 da 10 kuwa 13 ne. Iska ma zamewa take ta gefensa.

Amma ba zan ɓoye maka aibinsa ba. Nauyinsa kilo 30 zuwa 40 ne da sandunansa. Bangon gefe gajere ne, bai fi gwiwa da kaɗan ba, tsakiya ce kawai ake miƙewa sosai. Ɗaki ɗaya ne, wato maganar Umman Siddiƙa tana nan. Sabo sai an kafa shi an jiƙa shi ya bushe kafin zaren ya kumbura ya toshe hujin allura, in ba haka ba ruwan farko zai ɗiga. In ka naɗe shi da danshi, cikin 'yan kwanaki ya yi baƙin tabo da wari, kuma tabon ba ya fita. Gara ma tana sonsa, kada a ajiye shi a ƙasa a ɗakin gona.

In dai na roban za ka saya, ka duba lambar da ke nuna ƙarfin riƙe ruwa, da milimita ake rubuta ta. 1,500 na yayyafi ne. Ruwan Agusta na Zariya ka nemi 3,000 ko sama, na ƙasan tantin ya fi haka. Ka tabbata rufin sama ya sauko har kusa da ƙasa, ba ɗan hula ba ne a tsakiyar kai.

Baban Khalifa, Samaru

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Umma, na karanta wa maman yara abin da kika rubuta, ba ta ce komai ba, sai dai abincin daren ranar ya fi na kullum nama.

Malam Bakano, mun ji. Zanen audugan zai jira sai aljihu ya yi nauyi, kuma kilo 40 a saman Sienna da mutum takwas a ciki a hanyar garinmu, sai in ta fitar da mutane suna turawa.

Na koma shagon na sa an kafa mini na gwanjon a bakin titi, yara suka taru suna kallo. Girmansa ya yi: ɗakunan biyu kowanne zai ɗauki katifa 6 da 4 da rabi, falon na tsaya a miƙe kaina bai taɓa rufi ba, ƙofar kuma Hajiya za ta shiga da ɗan sunkuyo kaɗan. Amma ga abin da na gani. Da na shafa cikin rufin sai na ji yana ɗan danƙo a yatsa, yana kuma da wani wari mai tsami. A kan ɗinkin akwai wani siririn tef mai haske, a wasu wurare ya ɗago yana ɓarewa, in ka murza sai ya zuba gari-gari. Zif ɗin ɗaki ɗaya in ka ja shi yana rufewa a gaba yana buɗewa a baya. Ƙasan falon ba a ɗinke yake da bango ba, shimfiɗa ce daban. Mai shagon ya ce duk ba komai ba ne, daɗewa a jaka ne, ya kuma rage kuɗin sosai tun ban taya ba, wanda shi ne ma ya sa na ƙara tsayawa.

A bayan kanta kuma ya fito da wasu sababbi guda biyu iri ɗaya, kowanne an rubuta na mutum 6, ƙafa 10 da 10, sandunan ƙarfe, ƙasa a ɗinke da bango, tagogi da raga. Kuɗin biyun ya ɗara na kwalin nan kaɗan. Aibinsu shi ne saman rufin ciki duk raga ne, sai rufin waje a kansa. Ina tsoron ƙura da sanyi.

To Injiniya, na gwanjon yana gyaruwa? In ba ya gyaruwa, ragar nan ta sama za ta bar mu mu yi barci da hunturu?

Injiniya na Kwangila

Malam, bar na gwanjon. Danƙon nan da warin tsami shafin hana ruwa ne ya ruɓe, haka yake yi in ya tsufa ko an ajiye shi a wuri mai zafi da danshi. Ba ya komawa. Zif kam ƙaramin abu ne, kan zif ɗin ne ya buɗe, a ɗan matse shi da filaya ko tela ya sa wani. Tef ma ana sake shi. Amma shafin in ya tafi, abin da ka saya inuwa ce kawai. Da hunturu ba za ka gane ba, sai ruwan farko. Sannan falo marar ɗinkakken ƙasa a gidan gona mai buhunan hatsi, inda hatsi yake akwai ɓera, inda ɓera yake kuma ka san mai binsa. Ga kunama. Da yara ƙanana ni ba zan yarda ba.

Biyun nan masu 10 da 10 su ne naka. Ka sa ya buɗe kowanne a gabanka ka ƙirga sanduna, ka ja kowane zif sama da ƙasa, ka ɗaga ƙasan ka duba kusurwoyi a hasken rana. Ka tsaya a tsakiya ka ga ko kanka na taɓawa, ka auna ƙofar saboda Hajiya.

Ragar sama kada ta tsorata ka, ita ce maganin raɓar da Bakano ya ambata, kuma a watan Afrilu za ka gode mata. Da hunturu abin yi shi ne ka ɗaure tsohon zanen gado tsakanin ragar da rufin waje, ka bar ɗan gefe ɗaya a buɗe don iska ta fita, kada ka toshe duka. Ƙura dai sai ta shiga, ana rage ta ne. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa. In ka tsaya ka fuskanci alƙibla, daga gabanka da ɗan hagu take bugowa. Don haka kada ƙofar ko ɗaya ta kalli can. Tunda fuskantar juna za su yi, ka kafa su kusa da katangar da ke tare iskar, ka faka Sienna ta toshe bakin rumfar ta wannan ɓangaren. A yayyafa ruwan rijiya a filin da yamma, a ajiye tabarma a bakin ƙofa, takalma a waje cikin bokiti mai murfi, a kuma zazzage su da safe kafin a sa ƙafa.

Ƙura ce ke kashe zif. Ka tafi da tsohon buroshin haƙori, kullum ka share haƙoran zif ɗin, ka goga musu kyandir. Kada ka sa mai, yashi yake kamawa. Ka koya wa Khalifa da ƙaninsa jan zif da hannu biyu, ɗaya riƙe da yadin, don su ne za su shiga su fita sau ɗari.

Kafin ranar tafiya ka kafa su duka biyu a tsakar gidanka da rana, da yaran, kowa ya san sandarsa. Ka bar Samaru da wuri yadda za ka isa kafin la'asar, kafa tanti da tocila bayan magariba ga na goye yana kuka ba abin so ba ne. Ka je ka gai da mai unguwa ya san da kwananku a gidan gonar, 'yan sintiri ma su sani, ƙofar ƙarfe a kulle da dare. Maganar Tiga ko Yankari kuma in lokacin ya zo ka fara tuntuɓar masu kula da wurin ka ji ko suna barin kafa tanti da kuma inda suke bari, ka tambayi direbobin tasha lafiyar hanya a makon da za ka tafi.

Rodin nan ka sa a yanka maka 30 ko fiye, don tamfol ɗin rumfa shi kaɗai zai ci takwas, kuma sai wasu sun ɓace a ƙasa ranar kwashewa.